Famfon Bene na Uku

Ɗis. Ɗis.
Haka ya kwana jiya ma,
famfon kicin yana ƙirga mini shekaru
cikin tukunyar da na tara masa.
Ni ce Eteri, sittin da takwas,
a bene na uku, unguwar Sololaki, Tbilisi,
inda matakalar katako kan yi kuka tun kafin a taka ta.

Mai gyara ya ce Talata.
Talata ta zo, ta miƙa ni ga wata Talatar.
Kuɗinsa lari tamanin, ban da kayan aiki.
Tamanin! Maganin hawan jinina na wata biyu.

Sai na jawo akwatin Nodar daga ƙarƙashin gado.
Shekara huɗu rabona da shi.
Warin baƙin mai da taba ya tarye ni,
kamar mai shi kasuwa ya leƙa.
Ga sifana, tafinsa ya cinye mata fenti.
Ga filaya mai wawulo.
Ga curin zaren rama,
ga gwangwanin shayi cike da notuna marayu.

Na ɗora sifana, na murɗa.
Tsatsa ta ce ba ta san zancen ba.
Na ɗiga man girki, na jira, na sake,
na sa ƙarfin da nake ajiya don hawan bene.
Noti ya saki.
Ruwa ma ya saki.

Ashe ban rufe babban bututu ba.
Shekara arba'in ina kallon Nodar yana wannan aiki,
bayansa kawai nake gani.

Ruwa ya mare ni a fuska, sanyi ƙarara,
ya bi labule, ya jiƙa gishiri,
ya ɗauki silifas ɗina ya yi falo da su.
Na toshe da tsumma, na toshe da tafi,
na kira sunan wanda ba zai amsa ba.

Daga ƙasa sandar tsintsiya ta fara dukan silin.
Zurab ke nan.
Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji
saboda reshen inabi ɗaya da ya sare a tsakar gida.
Ya hawo da rigar barci, sanƙonsa na ɗiga,
ya buɗe baki zai yi faɗa,
ya gan ni tsamo-tsamo rungume da famfo,
sai ya haɗiye.
Ya wuce bayan ƙofar banɗaki, ya murɗa wani abu ja.
Tsit.

Na zaci zai ƙwace sifanar.
Tocila ya ɗauka, ya ce, “Ci gaba.”

Ga mai laifin a tafin hannuna:
zoben roba, bai kai kwabo ba,
ya tsage kamar diddige.
Don wannan na yi wata uku ba barci.
Shago ya rufe, dare ya raba.
Na ɗauko takalmin ruwan Nodar, na dama,
na yanko da'ira da almakashin ɗinki.
Ta farko ta karkace. Ta uku ta zauna.
Na naɗa rama, Zurab ya ce, “Ba ta nan ba,
bi inda noti zai bi.”
Na warware, na sake naɗawa.

Ya buɗe ruwa. Muka tsaya kamar masu jiran hukunci.
Bututu ya yi tari, ya tofar da ja,
ya zubo fari. Na rufe.
Muka ƙirga har hamsin.
Ko ɗis.

Na ce zan biya fentin silinsa.
Ya ce tabon ya yi kama da Baƙin Teku,
shi kuwa ya daɗe bai je Batumi ba.
Ya sha shayi a tsaye, ƙafafunsa cikin ruwa.
Ba wanda ya ambaci inabi.

Yanzu ƙarfe uku na dare.
Takalmi mai huji yana bakin ƙofa,
sifana tana kan teburi, ban mayar ba.
Gidan ya yi shiru ƙwarai.
Na tashi, na je kicin,
na taɓa bakin famfo da yatsa.
A bushe yake.
Na daɗe a tsaye.